Daga Stonehenge zuwa ƙasar Ringim: Yadda masu addinin gargajiya ke lissafin ranakun bukukuwansu

A kowace shekara, idan 20 ko 21 ga watan Yuni ta zagayo, kafafen yaɗa labarai na duniya kan cika da hotunan dubban mutane da suka kwana a fili a kudancin Ingila, a gindin wasu manyan duwatsu da ake kira Stonehenge, suna dakon fitowar rana. Wasu cikin fararen riguna, wasu da ganguna, wasu da furanni a kai. Da rana ta leƙo sai wurin ya kaure da shewa. Akasarinsu ’yan kallo ne da masu yawon buɗe ido, amma a cikinsu akwai waɗanda suka ɗauki wannan safiya a matsayin ibada.

Mai karatu a Ringim ko Dutse da ya ci karo da waɗannan hotuna a wayarsa zai iya tambaya: me ya bambanta wannan rana da sauran ranaku? Su wane ne waɗannan mutane? Kuma ko ƙasar Hausa, wadda ta daɗe da nata masu addinin gargajiya, ta taɓa sanin irin wannan biki?

Mece ce juyawar rana?

Duniya tana zagaya rana ne a karkace, kuma karkatar tata ta kai kimanin digiri 23 da rabi. Saboda haka mafitar rana ba ta zama wuri ɗaya. Daga ƙarshen Disamba takan riƙa matsawa arewa kaɗan-kaɗan har zuwa wajen 21 ga Yuni, sai ta yi kamar ta tsaya na ’yan kwanaki, sannan ta juya ta nufi kudu har zuwa wajen 21 ga Disamba. Waɗannan ranaku biyu su ne na juyawar rana. Ga mazauna arewacin duniya, ta Yuni ita ce yini mafi tsawo a shekara, ta Disamba kuma mafi gajarta. A tsakaninsu akwai wasu ranaku biyu, wajen 20 ga Maris da 22 ko 23 ga Satumba, da dare da yini kan yi kusan daidai a ko’ina.

Girman wannan bambanci ya danganta da inda mutum yake. A kudancin Ingila yinin Yuni ya haura awa 16 da rabi, na Disamba kuwa bai cika awa 8 ba. A Ringim, wadda ke kimanin digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, yini mafi tsawo bai wuce awa 12 da minti 50 ba, mafi gajarta kuma kimanin awa 11 da minti 25 ne. Tazarar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Mai azumi kan lura da ita, haka ma ladan, amma ba ta isa ta sauya rayuwar manomi ba.

Wannan shi ne tushen bambancin kalandar mutanen biyu. Mutumin arewacin Turai na dā ya rayu cikin fargabar dogon dare da ƙanƙara, don haka idonsa na kan rana. Bahaushe kuwa rana ba ta taɓa yi masa ƙaranci ba. Abin da yake jira da zullumi shi ne ruwan sama.

Bukukuwa takwas na Turawan

Mutanen da ke wannan ibada a Turai da Amurka suna kiran kansu da sunan Pagan, kalmar da ta samo asali daga Latin, inda take nufin mutumin ƙauye. Ba addini ɗaya ba ne mai shugaba ɗaya ko littafi ɗaya. Akwai mabiya Wicca, wanda wani tsohon ma’aikacin mulkin mallaka na Birtaniya, Gerald Gardner, ya bayyana wa duniya a littafinsa na 1954, shekara uku bayan soke dokar hana maita a Ingila. Akwai masu kiran kansu Druid, akwai kuma masu raya bautar gumakan tsohuwar arewacin Turai, waɗanda ƙasar Aisland ta amince da ƙungiyarsu a hukumance a 1973. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, kimanin mutum 74,000 ne suka rubuta Pagan a matsayin addininsu, wasu 13,000 kuma suka rubuta Wicca.

Yawancinsu suna bin wata kalanda mai bukukuwa takwas da suke kwatantawa da ƙafar keke mai juyawa. Huɗu na rana ne: Yule a juyawar Disamba, Ostara a Maris, Litha a juyawar Yuni, da Mabon a Satumba. Sauran huɗun suna faɗowa a tsakanin waɗannan, kuma an aro su ne daga tsofaffin al’adun makiyaya da manoman Ailan da Sikotland: Imbolc a farkon Fabrairu, Beltane a 1 ga Mayu, Lughnasadh a 1 ga Agusta, da Samhain a daren 31 ga Oktoba.

Kowane biki da abin da ake yi a cikinsa. A Yule ana kunna kyandir da ƙona gungumen itace, alamar dawowar haske. A Beltane ana hura manyan wutace, kamar yadda makiyayan dā ke kora shanunsu tsakanin wuta biyu kafin su fita kiwo. Birnin Edinbura ya farfaɗo da wannan biki tun 1988. A Lughnasadh ana gasa burodi da sabon hatsi. A Samhain ana tuna mamata, wasu har su ajiye musu abinci a teburi. Galibi ana taruwa ne a yi da’ira a daji ko a falon gida, a fuskanci kusurwoyi huɗu, a yi waƙe, a zuba ɗan abin sha a ƙasa, a ci abinci tare. Yanka dabba ba ya cikin al’adar akasarinsu.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ƙuruciyar wannan kalanda. Farfesa Ronald Hutton na Jami’ar Bristol, wanda ya yi dogon bincike kan bukukuwan Birtaniya, ya nuna cewa babu wata al’ummar dā da aka tabbatar ta haɗa bukukuwan nan takwas a lokaci guda. An harhaɗa su ne a tsakiyar ƙarni na 20, wasu sunayen ma, irin su Mabon, sai a shekarun 1970 aka laƙaba su. Duwatsun Stonehenge kuwa sun haura shekara 4,000, kuma an jera su daidai da mafitar rana ta Yuni da mafaɗarta ta Disamba, sai dai maginansu ba su bar rubutu ba. Hukumomi sun rufe wurin ga masu bikin bayan arangamar da aka yi da ’yan sanda a 1985, ba a sake buɗe shi ga kowa a wannan dare ba sai a 2000.

Maguzawa da kalandar ruwa

A ƙasar Hausa, mafi kusa da waɗannan mutane su ne Maguzawa, wato Hausawan da suka ci gaba da riƙe addinin kakanni bayan zuwan Musulunci. A Jamhuriyar Nijar ana ce wa takwarorinsu Azna ko Anna. Masana da dama na ganin sunan Maguzawa ya fito ne daga kalmar Larabci ta Majusu, matsayin da ya ba su damar zama ƙarƙashin sarakunan Musulmi suna biyan jiziya. Akwai kuma labarin baka na wani mai suna Bama da aka ce ya guje wa salla, aka riƙa ce masa Bamaguje.

Bambanci na farko shi ne, Bamaguje bai ɗauko addininsa daga littattafan tarihi ba. Gadonsa ya yi, uba ya miƙa wa ɗa. Masanin harsunan nan Ba’amurke, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, a zamanin da Ringim ke cikin gundumomin masarautar Kano, ya kuma wallafa bincikensa a 1946. Abin da ya tarar shi ne mutanen da suka yarda akwai Allah Mahalicci, amma suke ganin harkokin yau da kullum, na lafiya da haihuwa da amfanin gona, suna hannun iskoki. Kowane gida da iskokin da ya gada, irin su Kure da Uwar Gona da Gajimare, kuma kowane iska da irin dabbar da ake yanka masa da launinta. Maigida ne ke yin yankan a madadin iyalinsa, a gindin wani itace da aka kafa a gida, ko a gindin tsamiya ko kuka, ko a gona.

Lokutan wannan tsafi suna bin aikin gona ne. Akwai na gabanin shuka, don neman damina mai albarka. Akwai na bayan girbi, don godiya, inda ake dafa giya da sabuwar dawa a tara dangi. Ba a ɗaure su da wata rana ta kalanda ba; dattawa ne ke duban sama da gona su tsayar da lokaci.

Duk da haka akwai lissafi. Manomin Hausa na ƙirga watanni ne daga ɗaukewar ruwa, har ya kai na bakwai, wanda ake sa ran faɗuwar damina a cikinsa. Daga nan aka samo karin maganar nan ta watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa akwai alama. Har gobe dattijon manomi a Ringim ko Taura ko Garki, Musulmi mai salla biyar, da wannan ƙidaya yake sanin lokacin sharar gona da kai taki. Ana kuma duban taurarin da ake kira Kaza da ’Ya’yanta, waɗanda kan ɓace daga sararin yamma a ƙarshen bazara su sake ɓullowa da asuba a farkon damina.

Buɗar dawa, shan kabewa da bikin dubu

Daga cikin bukukuwan shekara na tsohon addinin, buɗar dawa, ko buɗin daji, ya fi kama da bikin sabuwar shekara. Ana yin sa ne a cikin rani, ’yan watanni bayan an kai amfani gida. Kafin ranar, daji a rufe yake ga mafarauta. Idan ta zo, sai masu tsafi su yi yanka, su duba alamu, su faɗi abin da suke hasashen shekara za ta zo da shi, na ruwa ko fari ko annoba, sannan a buɗe farauta. Masanin Faransa Guy Nicolas ya bayyana wannan biki dalla-dalla a bincikensa na kwarin Maraɗi, kuma ƙauyen Masalata da ke kusa da Birnin Ƙonni ya yi suna da taron hasashen shekara na Azna.

Shan kabewa kuwa na ’yan bori ne. Idan kabewa ta nuna a lokacin kaka, sukan taru ƙarƙashin Sarkin Bori, a yi kwanaki ana kiɗan garaya da goge ana hawan iska, sannan a halasta wa kai cin sabuwar kabewa. Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne kada mutum ya riga iskoki ɗanɗana sabon amfani. Wannan tunani na ’ya’yan fari shi ne dai ke cikin bikin burodin Turawa na farkon Agusta, da bikin sabuwar doya na ƙasar Ibo.

Akwai kuma bikin dubu, wanda manomin da ya tara dami dubu ke yi, ya rarraba dukiyarsa ga jama’a a yi masa naɗin Sarkin Noma. Kalankuwa, wasan samari da ’yan mata na bayan girbi, da dambe da kokawa na lokacin kaka, su ma a wannan kalanda suka tsiro, ko da yake tuni suka rabu da tsafi suka zama nishaɗi kawai.

Tarihi ya adana misali mafi tsufa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe, babban bokan Tsumburbura, wanda ba ya saukowa daga Dutsen Dala sai a ranaku biyu a shekara. A waɗannan ranaku mutane kan zo daga ko’ina da baƙaƙen dabbobi, su taru a gindin dutsen da yamma. Idan dare ya yi sai ya shiga wurin tsafin, ya fito ya shaida musu abin da zai faru a shekarar. Marubucin, wanda Musulmi ne, ya kira ranakun da sunan Idi, abin da ke nuna irin girman da suke da shi a wurin mutanen wancan zamani.

Yadda Musulunci ya sauya lissafi

Zuwan Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, ya kawo kalandar wata, wadda shekararta ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Saboda haka Sallah da azumi suna zagaya damina da kaka da hunturu da bazara, ba su da alaƙa da shuka ko girbi. A hankali ranakun taron jama’a suka koma kan wannan kalanda: Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, Cika-ciki, Sallar Gani a Daura, da Takutaha a Kano, ranar da jama’a ke hawa Dutsen Dala mako guda bayan Mauludi. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya ƙara tsananta yaƙi da yanka ga itatuwa da duwatsu, wanda malamai suka yi ittifaƙi a kan cewa shirka ne.

Sai dai gona ba ta bin kalandar wata. Don haka malaman ƙasar Hausa suka riƙe wani lissafi na rana da suka samo daga Larabawa, wato na taurari 28, kowane da kwana 13, ɗaya kuma da 14, jimilla 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Sunaye irin su Surayya da Zira’a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha sanannu ne a bakin tsofaffin manoma. Malamai sun bambance tsakanin ɗaukar tauraro a matsayin alamar lokaci, wanda ya halasta, da ƙudurce cewa shi ne ke saukar da ruwa, wanda ya haramta. Da wannan bambancewa ilimin ya tsira, bautar ta faɗi.

Kimiyya ma ta tabbatar da cewa damina na bin rana. A yankin Ringim rana kan tsaya tsaf a saman kai sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta. A tsakanin ranakun nan biyu inuwar tsakar rana kudu take karkata. Zafin da ƙasa ke ɗauka a wannan lokaci shi ke janyo iska mai laima daga Tekun Atlantika, ta kori busasshiyar iskar hamada zuwa arewa. Ke nan manomin da ke ƙirga watan bakwai da Baturen da ke jiran fitowar rana a Stonehenge motsi ɗaya suke bibiya, kowa ta inda ya shafe shi.

Abin da ya rage, da abin da ke shirin ɓacewa

Babu alƙaluman hukuma na yawan masu addinin gargajiya a Najeriya ta yau, domin ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ba. Abin da ke bayyane shi ne, mafi yawan zuriyar Maguzawa a kudancin Kano da kudancin Katsina da arewacin Zazzau da wasu sassan Jigawa sun musulunta ko sun zama Kirista a cikin shekaru sittin da suka wuce. A wurare da yawa sunan Maguzawa ya koma nufin asali, ba addini ba. Bori kuma ya ja da baya daga bainar jama’a, musamman tun bayan da jihohin Arewa, har da Jigawa, suka faɗaɗa aiki da shari’ar Musulunci a 2000.

A wasu sassan yankin abin ya ɗauki wata hanya dabam. Jamhuriyar Benin ta ware ranar hutu ta addinin gargajiya a watan Janairu tun shekarun 1990, wasu jihohin Yarbawa kuma suna ba da hutun ranar Isese a 20 ga Agusta. A Argungu, tsofaffin al’adun gyaran ruwa da fashin ruwa su ne suka haifi bikin kamun kifin da ya samu siffarsa ta yanzu a 1934, wanda yau ke jawo baƙi daga ƙasashen waje.

Abubuwa biyu ne ke cikin haɗari a nan. Na farko haƙƙin maƙwabci. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ’yancin addini, kuma tarihin masarautun Hausa ya nuna cewa an yi ƙarnoni ana zaune da Maguzawa, ana cin kasuwa ɗaya, ana kuma yaba musu da ƙwazon noma da riƙon amana. Ƙauyukansu na buƙatar makaranta da asibiti da rijiya kamar na kowa, kuma kalmar “arne” da ake jifan mutum da ita ba ta taɓa jawo kowa kusa ba.

Na biyu shi ne ilimin da ke cikin tsohuwar kalandar. Rufe daji na wasu watanni ya ba namun dawa damar hayayyafa. Tsoron sare tsamiya da kuka ya bar wa ƙauyuka inuwa da abinci. Ƙirga watanni da duban taurari ya hana manomi zuba iri a ruwan farko mai yaudara. Ba sai mutum ya yarda da iskoki ba kafin ya ga amfanin waɗannan. A yau da damina ke rikiɗa, wata shekara ta makara, wata kuma Kogin Haɗeja ya cika ya shafe gonakin Ringim da Taura, hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa zai fi shiga kunnen manomi idan an fassara shi da harshen watan bakwai da na taurari.

Turawa sun bar nasu ya ɓace, sai da suka koma tono littattafai suna harhaɗa abin da ya saura, wani wurin ma suna cikewa da ƙiyasi. A Jigawa, jihar da ke da zanen shanu na dā a kogunan duwatsun Birnin Kudu, har yanzu akwai dattawan da suka san wannan lissafi da ka. Jami’ar Tarayya ta Dutse da Jami’ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa da masarautun jihar biyar suna da damar naɗar bayanansu tun suna raye. Hausawa dai sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.